A daina tura 'yan sa-kai daji da bindigar toka

Tun da ɓarayin daji suka fara leƙowa Shanono da Tsanyawa ake ta jin wata magana a majalisun Kano: wai a tara mafarauta da 'yan sa-kai, kowa ya ɗauko bindigar tokarsa, ai da ita kakanninmu suka tsare ƙasar nan. Masu wannan kirari galibi a cikin birni suke kwana, kuma tarihin da suke kafa hujja da shi ma bai goyi bayansu ba.

Bindiga dai ta daɗe a Kano. A zamanin Sarki Kumbari aka riƙa kawo ta daga Nupe, Babba Zaki kuwa, da ya hau gado a 1768, shi ya fara ajiye dakaru masu bindiga suna tsaronsa. Magadan wannan al'ada ne ke turnuƙe Ƙofar Kudu da hayaƙi ranar Hawan Daushe. To duk wanda ya tsaya kusa da su ya ga wahalar ɗurin: a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sanda, duk don harbi ɗaya tak. In damina ce albarushin ya sha laima, sai dai addu'a.

Turawan da suka sayar mana da ita sun jima da yar da ita. A 1866 sojojin Furusiya ta ƙasar Jamus, masu bindigar da ake ɗurawa ta baya, suka ragargaza na Ostiriya masu ɗuri ta baki. Na Furusiya yana kwance yake ɗuri, na Ostiriya sai ya miƙe tsaye harsashi na ruwa. A 1884 Maxim, bindiga mai ɓarin harsashi da kanta, ta fito. Sai a 1890 Turawa suka zauna a Burasel suka hana a sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar mana ta toka da albarushinta. Ba don suna ƙaunarmu ba ne. A Fabrairun 1903 Kanar Morland, kwamandan sojojin Ingila, ya iso Kano da Maxim da igwa, ya shiga ta Ƙofar Kabuga, yini guda bai cika ba birni ya faɗi. Ganuwa na nan, dawakai na nan, jarumai na nan.

Bindigar tokar nan ce yau ake so ɗan talaka ya rungumo ya tari mai AK-47 da harsashi 30 a ciki. In ya mutu a kira shi gwarzo, a kai wa iyalinsa buhun shinkafa. Wannan rainin hankali ne. Masu cewa to a raba wa kowa AK-47 kuwa, su fara gaya mana wanda zai karɓe su idan ƙura ta lafa.

Mafarauci ya san daji, a ɗauke shi jagora, a biya shi haƙƙinsa. Harbi aikin waɗanda aka saya wa makami da kuɗin jama'a ne. A girke su a ƙauyukan iyaka da Katsina su kwana can, ba su zo da hantsi su ƙirga gawa su koma ba.