Ciyawar teku ba ta maye gurbin maganin asibiti, don Allah a bar wasa da ran mutane

Abin da ya ishe ni kwanakin nan shi ne yadda masu tallar magani a TikTok da WhatsApp suka samu sabuwar haja, wai garin ciyawar teku yana narkar da gudan jini a jijiya, har wasu na ce wa marasa lafiya su ajiye warfarin ɗinsu, wato maganin hana daskarewar jini da likita ya ba su. Haba jama'a!

E, akwai wani sinadari mai suna fucoidan a cikin ciyawar teku mai ruwan ƙasa irin su kombu da wakame da Japanawa ke ci, tun 1913 Harald Kylin ɗan Suwidin ya gano shi, kuma a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye an ga yana jinkirta daskarewar jini kusan yadda heparin, allurar hana daskarewar jini ta asibiti, ke yi. To amma ɓera ba mutum ba ne, kuma in aka sha ta baki ɗan kaɗan ne ke ratsa hanji ya shiga jini. Abin haushin ma, wadda aka fi tallatawa, sea moss, ja ce, ba ita ce mai fucoidan ɗin ba sam.

Ga haɗarin da ba sa faɗa. Warfarin yana aiki ne ta hanyar dakushe bitamin K, ita kuma wakame tana ɗauke da bitamin K, kenan mai shan maganin in ya dinga ɗibar ta ba lissafi sai ya rikita awon jininsa, gudan jinin da ake gudu ya tafi huhu ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Kombu kuwa aidin ɗinta ya yi yawan da zai iya kawo maƙoƙo. Masu cewa ai abin halitta ne ba ya cutarwa, zaƙami ma Allah ne ya halicce shi.

Ni fa ba binciken nake ƙi ba, shi ma nake so a zuba wa kuɗi. Heparin da ake yi wa mutane allura a asibiti yawanci daga hanjin alade ake haɗa shi, akasari daga Sin, kuma a 2008 gurɓataccensa ya kashe mutane a Amurka. In aka samu madadinsa daga teku wallahi mu Musulmi za mu fi kowa murna, amma ta hanyar gwaji a kan mutane da sahalewar hukuma. Kafin nan NAFDAC ta bi waɗannan shafuka ta rufe su, a kuma kama masu cewa a bar magani.