Kujera mai taya da ɗakin gilashi

Kamfanin da yake sayen riɗi da zoɓo a wajenmu ya gina sabon ofis a bakin titin Gumel zuwa Maigatari. Abin da ya kai ni ba kallo ba ne. So nake manaja ya ba ni wani abu daga kuɗin riɗina kafin a auna, don bikin 'yata ya matso. Magana ce irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa, shi ya sa na zaɓi ranar Alhamis da kowa yake kasuwar Maigatari, na zumbula babbar rigata ta Sallah.

Ashe wanda ya tsara ginin bai san ana sirri a duniya ba. Falo ne ɗaya fetal, ba bango ba labule, tebura a jere, kowa da kwamfuta a gabansa, kowa yana jin tarin kowa. Sama silin POP ne da ƙananan fitilu a binne, ƙasa tayil sai sheƙi yake, har na tsaya neman inda zan tuɓe takalmi, maigadi ya ce in shiga da abina. A kusurwa ga wata shuka kore shar a tukunya, ana tsakiyar hunturu. Na faki ido na murza ganyen, roba ce. Wai haka manyan kamfanoni suke yi yanzu, a rushe bango don ma'aikata su riƙa shawara da juna, haske kuma ya ratsa ko'ina. Shi manaja an ware masa ɗaki, amma gilashi ne gaba da baya, har ɓangaren da yake kallon tsakar gida.

Yaro ne, bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya miƙe da ladabi ya ce, "Baba, sannu da zuwa, bismillah ga kujera."

Baƙa ce, bayanta raga, ƙafarta biyar kowace da taya. Zamana ke da wuya ta yi baya da ni. Na sa ƙafa na jawo kaina gaba, taya ta naɗe gefen rigar. Na sunkuya in ciro, hannuna ya danne wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, sai na ji "fusss", kujera ta sulale da ni ƙasa har haɓata ta zo daidai bakin tebur.

"Ayya Baba, iska ce a bututun. Ka ɗan miƙe ka ja ƙarfen, za ta taso."

Ina zan miƙe, riga tana cikin taya? Ga ni kamar akuya a turke. Na ce ranka ya daɗe bar ta haka, ai na fi jin daɗin ƙasa. Daga nan na gabatar da buƙatata, hannu biyu riƙe da tebur don kada a sake tafiya da ni, ina ɗaga kai ina kallonsa, esi yana busa mini ƙeya. Ya saurara tsaf, sannan ya ce ƙa'idarsu sai an auna, kuma ta banki ake biya.

Sai da maigadi ya kawo reza aka raba ni da kujerar, taya ta riƙe rabonta na shadda. Ina juyawa na hangi tsakar gida ta gilashin: 'yan dako ne suke sauke buhuna daga mota, duk yaran ƙauyenmu, sun ajiye aiki sun zuba ido. Ba su ji kalma ɗaya ba, don gilashin yana tare sauti, abin da suka gani suka ɗauka.

Kafin ɗan acaɓa ya sauke ni labari ya riga ni gida. Uwargida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, an ce har durƙusa wa yaron ka yi, ka yaga riga don kuka. To nawa ya bayar?"