Ranar da Sandar Adon Akori-kurata ta Tashi Sama

Akori-kura ce ƙirar Chevrolet C10, samfurin 1971, na saye ta a nan jihar Texas ta Amurka hannun wani dattijo da ya gaji da ganinta a bayan gida. Inji ya tashi, fenti ya hau, saura sandunan adon da suka bi gefenta daga goshi har baya. Na alminiyon ne, duk sun dushe sun yi fari-fari. Cire su ma sai da lallami, domin maƙalai da ƙananan notuna ne ke riƙe da su ta baya. Wanda ya zura sukundireba ya ɓanɓara, ya lanƙwasa sanda ya kuma karce sabon fenti.

Na ɗauko man goge ƙarfe da tsumma na hau dirza har kafaɗa ta riƙe, sanda ko gezau. Tsumman ma fari tas yake, kuma nan bayanin yake: in mai ya taɓa alminiyon na ainihi, nan take tsumma ke yin baƙi. Tun a masana'anta ake yi wa waɗannan sanduna wata fata mai tauri ta hanyar tsoma su a ruwan asid a sa musu lantarki. Fatar ce ta tsufa ta dushe, kuma man gogewa ba ya cin ta. Sai an kware ta tukuna.

Abin da ke kware ta shi ne soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Tana cikin maganin feshin wanke obin, don haka na bi dare na ɗauke na uwargida. Ƙa'idarsa: a waje ake yi don tururin, da safar hannu ta roba da tabarau. A fesa, a jira minti 5 zuwa 10, a dirje da soso, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bi da ruwan tsami na binega don kashe sauran sodar. In da saura a sake, amma gajere-gajere.

Ina fesawa sai ga kiran Kawu daga gida. Wa ya isa ya ce wa Kawu yana zuwa? Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya ba ni rahoton damina gona bayan gona, ina ta "Allah ya kyauta, Kawu" ina hangen sanda tana kumfa. Soda ba ta san inda fata ta ƙare ba. Ta gama da ita ta shiga naman alminiyon, ta bar shi toka-toka da ƙananan ramuka kamar mai zanzana.

Ramukan nan sanfefa kaɗai ke fitar da su. Kafin nan na kwantar da sandar a kan katako na bubbuga wuraren da suka loɓa daga baya da ƙaramar guduma, a hankali, don alminiyon na miƙewa in an matsa masa. Sai sanfefa da ruwa mai ɗan sabulu: lamba 400, 600, 800, 1000, 1500, a ƙare da 2000. Duk lokacin da aka canja lamba a canja wajen da hannu ke bi, yadda za a ga ko zanen ta baya ya ɓace. Tsallake lamba ba ya rage aiki, zanen 400 zai fito fili ne bayan an gama ƙyalli.

Sai injin gogewa, mai juyi 3,450 a minti. Faifan tsumma mai ɗinki da dunƙulen man gogewa mai ruwan ƙasa tukuna, sannan faifan auduga sako-sako da farin dunƙule, kowane dunƙule da faifansa. Ana kai sanda ƙasa da tsakiyar faifai, a yi ta tafiya da ita don kada wuri ɗaya ya yi zafi ya murɗe. Masu hankali kuma ɗaure ta suke yi a jikin dogon katako. Ni a hannu na riƙe, ina jin daɗin ganin haƙorana a jikinta, na ɗan karkata bakinta ga faifan. Ji na yi fau! Hannuna wayam. Ta daki rufin gareji, ta sauko ta kifar da bokitin ruwan sanfefa, ta kwanta a gefe ta yi baka.

Uwargida ta leƙo a guje, ta tarar da fuskata baƙi ƙirin da ƙurar gogewa, idanu kawai ke motsi. Ta dube ni ta dubi gwangwanin da ke ƙasa.

"Maigida, wannan ba maganin obin ɗina ba ne?"

"Aro na yi."

"To sannu da aro. Ita motar ce ta mare ka?"

Waccan sanda sai sabuwa na yi oda, don ana ƙera irinsu har yau. Sauran na ɗaure su a katako, suka fito fes. Sai dai tunda fatar ta tafi, iska da ruwa za su sake dusar da su, don haka ko dai a fesa musu fenti mai garai-garai, wanda ke ɗan rage ƙyalli, ko a riƙa shafa kakin mota duk bayan 'yan watanni. Na zaɓi kaki. Uwargida kuma ta sayo kwaɗo ta sa wa kabad ɗin kicin.