Inna da Kifin da Ba na Sayarwa Ba

Mahaifiyata 'yar Yalwan Yawuri ce, a bakin Kogin Kwara ta tashi, kuma tun kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 take taya tata uwar bandar kifi, har ta gaji sana'ar ta yi mana hidimar karatu da aure da ita. Irin wannan mata, idan ta dubi kifi, abin da take gani shi ne nauyinsa da yawan mansa da itacen da zai ci kafin ya bushe. Yarana ba su yi la'akari da wannan ba a lokacin da suka kafe a kan cewa sai an je kallon kifi, ni kuma da yake na daɗe ina ba su labarin jarumtar da na yi a kogi ina yaro, ba ni da bakin cewa a'a.

A Dubai muke a lokacin, kafin sha'anin biza ya yi wa 'yan Najeriya tsauri. Ni na je saro kayan shago a Deira kamar yadda na saba, Inna kuma an kawo ta ne a duba mata ido, sai uwargida da babbar 'yarmu da auta suka samu dalilin rakiya. Da likita ya sallame ta ya ce ido ya yi kyau, sai yara suka ce ai babu inda ya fi dacewa a gwada sabon ido kamar gidan kallon kifi na cikin katafariyar kasuwar Dubai Mall. Tun da dare na sayi tikiti ta intanet, na zaɓi mai tsadar da ya haɗa da shiga kwalekwale, na kuma ɗauko hulata zanna bukar wadda ba na sawa sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure.

A jirgin ƙasa na cikin gari muka tafi. Muna shiga na hangi Inna ta ɓantari goro ta jefa a baki, sai na raɗa mata cewa an hana ci da sha a cikin jirgin, kuma tarar dirhami 100 ce. Ba ta tofar ba, ba ta kuma tauna ba. Ta ajiye shi a kumatu ta kame baki har muka sauka, kuma wannan ne kaɗai shirun da muka samu daga gare ta a yinin nan. Daga tashar zuwa cikin kasuwar akwai wata rufaffiyar gada da ta haura mita 800, an shimfiɗa mata bel mai tafiya da mutum, amma Inna ta ce ita ba za ta taka ƙasar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba, don haka muka bi ta gefe da ƙafa, jama'a suna wuce mu a tsaye.

Da muka iso, sai ga bangon ruwa shuɗi tun daga ƙasa har sama, kifaye suna kai da komo a cikinsa, mutane kuma sun yi cincirindo a gabansa suna ɗaukar hoto. Auta ya saki hannuna ya ruga. Inna ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo, amma na lura ba kifin take kallo ba, jama'ar take ƙirgawa. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, waɗannan mutanen nawa suka biya?" Na ce mata ai daga nan waje kyauta ake kallo. Ta ce, "To mu fa?" Na ce mu za mu shiga ciki. Ta ce, "A cikin akwai wani ruwan ne daban?" Na ce ruwan ɗaya ne, sai dai ta ƙarƙashinsa za mu bi. Ta jinjina kai, ta juya wajen uwargida ta ce, "Kin ji fa, 'yar nan. Haka ubansa ma yake, Allah ya jiƙansa."

Domin in farfaɗo da martabata sai na sa babbar 'yarmu ta karanto mana bayanin wurin. Ta ce a 2008 aka buɗe shi, tsawon tankin mita 51 ne, faɗinsa mita 20, zurfinsa mita 11, kuma yana ɗauke da ruwa lita miliyan 10. Ta ce bangon da muke kallo ta cikinsa wata irin roba ce mai haske da ta fi gilashi jure nauyi, kaurinta santimita 75. Inna ba ta san lita ba, jarka ta sani, sai yarinyar ta buga a waya ta ce idan jarka mai lita 25 ce, to jarka 400,000 ke nan. Inna ta yi salati ta tafa hannu. Da ta ji kuma cewa ƙasar ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, kuma ruwan da suke sha ma daga teku suke tace shi su cire gishiri, sai ta ce lallai kuɗi ba su da aikin yi a garin nan.

Muka shiga hanyar da ta ratsa ta ƙarƙashin tankin, mai tsawon mita 48, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a bisa kai. Gaskiya wurin yana da kwarjini, domin sai ka ɗaga kai ka ga wani faffaɗan kifi mai farin tumbi da doguwar wutsiya yana shawagi a samanka, bakinsa a ƙasa kamar yana yi maka murmushi. Auta ya tambaye ni sunansa, ina cikin gyaran murya Inna ta riga ni, ta ce ɗan'uwan kunamar ruwa ne, kuma a wutsiya makaminsa yake. Daga nan ta karɓe ragamar bayani gaba ɗaya. Wannan ya yi mai da yawa, ba zai yi banda ba sai dai farfesu. Wancan siriri duk ƙaya ne, ko kyauta aka ba ta ba ta so. Wani ƙato mai faɗin baki da ya tsaya cak a gefe kuwa ta ce ya yi shekarun da namansa ya zama igiya, kuma duk wanda ya bar shi ya kai haka bai san darajar dukiya ba.

Wani ma'aikacin wurin, saurayi mai fara'a, ya ga tsohuwa tana nuni da yatsa tana bayani da ƙwazo, sai ya matso ya ce ko tana da tambaya. A daidai lokacin wani kifin shak ya taho a hankali, haƙora a waje, jere a bayan jere. Inna ta ce, "Tambaye shi nawa ne kilo." Ni kuwa na juya na ce wa saurayin, da Turanci, mahaifiyata tana son sanin shekarun wannan kifi. Bai kai ga amsawa ba sai babbar 'yarmu, wadda nake biya wa kuɗin makaranta da gumina, ta ce, "Baba, ba haka Kaka ta ce ba," ta kuma fassara maganar yadda take, ba ragi ba ƙari. Saurayin ya yi dariya har da dafa bango, ya ce ba na sayarwa ba ne. Inna ta ce a tambaye shi ko a ƙarshen shekara ma ba sa kwashewa su zuba sababbi. Ya ce ba sa yi. Ta ce to a gaya masa ita ba ta taɓa ganin kiwon da ba shi da ranar kasuwa ba.

Duk da haka sun fahimci juna, domin saurayin ya san aikinsa. Ya gaya mata cewa irin wannan shak ɗin yakan hau saman ruwa ya haɗiyi iska ya riƙe a ciki, shi ya sa yake iya tsayawa wuri ɗaya ba tare da ya nutse ba. Ya kuma ce shak ba shi da ƙashi ko ƙaya, guringuntsi ne duk jikinsa. A nan ne na ga idon Inna ya yi haske, ta ce ashe akwai kifin da Allah ya halitta domin tsofaffi marasa haƙori, amma aka kulle shi a bayan roba. Sai ta tambayi abin da ya hana shi cinye ƙananan da ke gilmawa ta gaban bakinsa, saurayin ya ce ana ciyar da su a kan kari, masu ninƙaya suna shiga da abinci, kuma wanda ya ƙoshi bai cika farauta ba. Inna ta ce, "Ikon Allah. Ashe a cikin ruwa idan babba ya ƙoshi yana ƙyale na ƙasa."

Uwargida ba ta ce komai ba tun shigarmu, ashe bincike take yi a waya. Muna tsakiyar hanyar ta matso kusa da ni ta ce, "Alhaji, ka san a 2010 tankin nan ya taɓa yin yoyo har aka fitar da mutane?" Na ce ai an gyara tun tuni. Ta ɗaga kai ta dubi ruwan da ke samanmu, ta kama hannun auta, ba ta ƙara waiwayowa ba sai a ɗaya bakin. A saman bene muka same su, inda aka ajiye sauran halittu, har da wani kada da aka kawo daga Ostireliya, tsawonsa ya haura mita 5, nauyinsa kimanin kilo 750. Shi kaɗai ne Inna ba ta yi wa kuɗi ba. Ta tsaya nesa, ta yi addu'a ta tofa, ta ce wa auta, "Angona, dawo nan, wannan ba abokin wasa ba ne."

Sai aka zo shiga kwalekwale, wanda ake zagayawa da shi a saman tankin, ƙasansa kuma gilashi ne domin a riƙa hango abin da ke ciki. Aka ba kowa rigar kariya. Inna ta taka ta shiga ta zauna daram, ba ta ko dafa kowa ba. Ni kuwa ina sa ƙafa jirgin ya yi gefe, na dubi ƙasa na ga zurfin mita 11 da inuwar shak tana wucewa daidai tafin ƙafata, sai na ji gwiwoyina sun daina karɓar umarni. Na zauna na riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Auta ya ce, "Baba, ba kai ne ka ce kana ƙetare Kwara da iyo ba?" Kafin in haɗa amsa Inna ta ce, "Wa? Wannan? Ai shi ake bar wa gadin takalma da riguna a bakin gaɓa idan yara sun shiga ruwa. Ranar da aka sa shi a jirgin fito zuwa tsallake, tun daga wannan gaɓa har waccan yana kiran sunana." Uwargida ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Don in nuna cewa maganar ta yarinta ce, sai na saki hannu ɗaya na leƙa ta gefe kamar mai nazarin ruwa. Hular ta zame. Ta faɗa ruwa a kife, ta yi ɗan juyi, ta soma tafiya a hankali, wasu ƙananan kifaye suka taso suna ƙwanƙwasarta suna zaton lokacin abinci ne ya yi. Mai tuƙa jirgin ya roƙe ni da in zauna, ya kira abokin aikinsa da wata koma mai doguwar sanda. Ya kai hannu hular ta kauce, ya sake kaiwa ta sake kaucewa, Inna kuwa tana zaune tana ba da umarni da Hausa, tana cewa ya daina bin ta ta baya, ya tare ta ta gaba ya ɗago daga ƙasa. Ban san yadda aka yi ya gane ba, amma yadda ta ce haka ya yi, sai ga hula ta fito tana tsiyayar ruwan gishiri, mutanen da ke jiran layi suka sa tafi. Inna ta ce a gaya masa yana da hannu, da zai samu wata shida a Yawuri da ya zama mutum. Wannan karon yarinyar ba ta jira ni ba ta fassara.

Washegari Inna ta ce tun da an kai ta inda ake kallo, yanzu a kai ta inda ake saye. Muka je kasuwar kifi ta bakin teku a Deira, kuma a can ne na ga amfanin aikin idon da aka yi mata. Ta ɗaga kunnen kifi ta duba ja ne ko ya dushe, ta danna tsokar da yatsa ta ga ko za ta dawo, ta yi ciniki da wani mai sayarwa da yatsu da girgiza kai kawai, ba kalma ɗaya da suka haɗa, har ta juya kamar za ta tafi ya kira ta ya sallama. Aka gyara mana kifin a nan, aka gasa, ta ci ta ce gishirinsa ya yi daidai amma wutar ta yi gaggawa.

Hular kuwa a leda ta dawo gida. Na kai wa mai wankin hulata, ya buɗe ledar, ya sunsuna, ya mayar ya ɗaure. Ya ce zai wanke, amma ba zai haɗa ta da hulunan mutane ba, kuma kuɗinta daban ne.