Ƙannena, Ku Daina Cewa "Haka Jinina Yake"

Assalamu alaikum ƙannena samari da 'yan mata na Garwa, Marwa, Kusiri har tsallaken Njamena. Akwai wata magana da ta yi yawa a bakinku, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya zabga wa ƙaninsa mari a kan abin da bai kai ya kawo ba, a tambaye shi dalili, ya ce shi haka jininsa yake, babansa ma haka yake. Wani ba ya iya fita da babur sai ya kora tramol biyu da shayi, ya ce jikinsa ne ke so. Sai manya su kaɗa kai su ce hali zanen dutse, a tashi a bar maganar. To ni ban yarda an gama zana naku ba, kuma ku ba ni aron kunne ku ji dalilina.

Ƙwaƙwalwar da ke cikin kanka ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ita kaɗai ke cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Ba rana ɗaya take nuna ba. Sashen da ke bayan goshi shi ne na ƙarshen kammala, kuma sai mutum ya kai wajen shekara 25 yake gama haɗuwa. Wannan sashen ne ke auna abin da zai biyo baya, shi ke riƙe hannu kafin ya kai duka, shi ke ce maka bari tukuna.

Likitoci sun fara gane aikinsa ne ta hanyar wani hatsari. A shekarar 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin layin dogo mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse, sai ya tashi, sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ta shiga ta ƙasan kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Yana magana, yana tafiya, yana gane mutane. Amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon aiki ya koma mai ashar, mai gajen haƙuri, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya. Yawanci a nan ake tsayar da labarin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya tafi ƙasar Cile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja, aikin da ke son sammako da lura da iya zama da jama'a. Mutumin da ƙarfe ya ratsa masa kai ke nan. Kai me ya ratsa naka?

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa lokacin balaga. Jiki yana fara zubo sinadarai cikin jini, testosteron ya yi yawa ga namiji, estrojin ga mace. Murya ta buɗe, jiki ya sauya, sha'awa ta motsa, son a san da kai a cikin tsara ya yi ƙarfi. A daidai lokacin ne sashen ƙwaƙwalwa mai neman daɗi da sabon abu yake kan ganiyarsa, alhali na bayan goshi bai gama ba. Kamar babur ne da aka sa wa sabon inji amma ba a gama ɗaure birkinsa ba. Wannan ba laifinku ba ne, haka kowa ya wuce, har malaman da ke muku faɗa. Amma wanda ya san birkinsa bai kama sosai ba, ai ba ya murɗa totur a gangara.

Wani masani a Amurka, Laurence Steinberg, da abokiyar aikinsa sun gwada wannan a 2005. Sun sa yara matasa da manya wasan tuƙi a kwamfuta, inda mutum zai zaɓi tsayawa ko wucewa idan danja ta nuna ruwan ɗorawa. Idan matashi yana shi kaɗai, bai cika bambanta da babba ba. Da aka zaunar da abokansa suna kallo, ganganci ya ƙaru sosai, shi kuwa babba kusan bai sauya ba. Duk wanda ya taɓa ganin rakiyar amarya a Garwa, samari suna ɗaga ƙafar babur suna gogayya da motoci, ya san wannan ba sai an gwada masa a kwamfuta ba. Yaron da ke yin haka, ka same shi shi kaɗai da safe zai kai mahaifiyarsa kasuwa, a hankali yake tafiya. Don haka idan na ce ku zaɓi majalisar da kuke zama, ina nufin idon abokai yana sauya yadda ƙwaƙwalwarku ke auna hatsari a wannan shekarun.

Mu dawo kan jini da gado, don a nan ruɗanin yake. Gado gaskiya ne. Kowa ya karɓi rabin ƙwayoyin halittarsa daga uwa, rabi daga uba, wajen dubu 20 gaba ɗaya. Akwai abin da ƙwaya ɗaya ke yankewa, kamar sikila: idan yaro ya karɓo daga ɓangarorin biyu, yana da ita, babu tarbiyyar da za ta cire. Hali ba haka yake ba. Babu ƙwayar fushi guda ɗaya, babu ta shaye-shaye, babu ta lalaci. Ɗaruruwa ne ko dubbai, kowace da ɗan tasirinta, kuma suna aiki ne tare da abin da mutum ya ci, ya gani, ya saba. An yi shekaru ana bin tagwaye masu kama ɗaya, har waɗanda aka raba tun suna jarirai, kamar binciken da aka fara a Minesota a 1979. An ga kamanni mai ban mamaki a ɗabi'unsu, an kuma ga bambanci, alhali ƙwayoyin halittarsu ɗaya ne. A batun kamuwa da shan ƙwaya ko giya, kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane ne ake dangantawa da gado. Idan mahaifinka ko kawunka ya sha fama da giyar bilbil ko arki, to kai ka fi abokinka kusa da ramin. Shi yana iya gwadawa ya bari, kai ka gwada ka maƙale. Sanin gadonka dalili ne na ka ƙara nisa da abin, ban ga yadda zai zama lasisi ba.

Addininmu bai musa ɗabi'ar haihuwa ba. Annabi (SAW) ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais cewa yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa, da ya tambaya kuma aka ce masa a kansu aka halicce shi. Amma shi ne kuma ya ce wanda ya lazimci haƙuri Allah zai haƙurtar da shi. Wani an ba shi kyauta, wani sai ya nema, ba a rufe ƙofa ga kowa ba.

Ƙannena 'yan kilando, masu haya da babur, wannan naku ne. Direban tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna wajen dubu 25, karatun da ke cin shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata masaniya, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu ta ga sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma ta baya. Aka ce watakila dama haka aka haife su. Sai ta bi masu koyo tun daga farko, ta ga waɗanda suka ci jarrabawa sashen ya ƙaru, waɗanda suka faɗi ko suka bari bai ƙaru ba. Manya ne fa, ba yara ba. Kai da ka san kowane lungu daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya ba tare da ka tsaya tunani ba, maimaici ne ya gina maka wannan. Abin da kake maimaitawa kullum yana sassaƙa ƙwaƙwalwarka, karatu ne, salla a kan lokaci ce, ko kuwa ƙwaya.

Ƙwayar nan ita ta fi tayar mini da hankali. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ake kira dofamin, aikinsa ya sa maka alama a kan abu, ya ce wannan a sake nemansa. A 1954 a Kanada, James Olds da Peter Milner sun sa wa ɓeraye siririyar waya a wannan yanki na ƙwaƙwalwa, suka ba su abin dannawa da ke aika ɗan lantarki ta wayar zuwa wurin. Ɓera ya dinga dannawa ɗaruruwan sau a awa guda. Tramol dangin ofiyom ne, kuma wannan hanyar yake bi. An haɗa shi a Jamus a 1962 don kashe zafin ciwo, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani. Wanda ake sayarwa a tire a bakin tasha akwai mai 225. Biyu kawai ka haɗiya ka riga ka haura iyakar likita. Ƙwaƙwalwa kuma tana sabawa: da ta ga abu yana shigowa daga waje, sai ta rage jin nata. Shi ya sa ɗaya ke komawa biyu, biyu su koma biyar, har ya kai mutum ba don daɗi yake sha ba, don dai ya iya miƙewa. Idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Ku tuna mutum yana kan babur, ga mace da goyo a bayansa.

Don ku san inda abin ya kai a ƙasar nan: a 2013 wasu masu bincike suka sanar da cewa sun sami tramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka yi murna wai itacen ne ke yin sa. Shekara guda bayan haka wasu masana daga Jamus suka bi sawu, suka nuna cewa a Arewa Mai Nisa mutane na sha, suna kuma ba shanun noma don su jure aiki, fitsarinsu ya shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta zuƙa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Abin da muke zuba wa cikinmu har ƙasar da muke nomawa ta ɗauka.

Cacar ƙwallo a waya ma wannan jijiyar take taɓawa, domin dofamin ya fi tashi idan ba ka da tabbacin ci. Ka ci jaka biyu yau, ka yi asarar goma cikin mako, amma cin ne kaɗai ke tsaya maka a rai.

Shi kuwa fushi, wasu 'yan ƙulluttai ne a saman ƙoda ke sako adirenalin cikin jini, zuciya ta buga da sauri, tsoka ta ɗaure, kafin sashen bayan goshi ya ce uffan. Amma guguwar ba ta daɗewa idan ba a ƙara mata wuta ba. Abin da aka koya mana tun muna allo ya dace da wannan: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya yi shiru. Lokaci ne kake saya wa hankalinka. Rashin barci kuma yana raunana wannan riƙon. Matashi na bukatar awa 8 zuwa 10, amma kuna kan TikTok har biyun dare, ga zafin Afrilu, ku tashi asuba ku nufi makarantar lise ko tasha, sannan ku ce zafin zuciya gadon gidanku ne. Ku yi barci sosai na mako biyu tukuna, ku sake auna kanku.

Iyayenmu da yayyenmu, ku yi mini afuwa in sa baki. Ɗan shekara 17 da kuke kira lalatacce har yanzu ana kan gininsa. Baki da tsinuwa da kora daga gida ba sa ƙarasa ginin, tasha suke miƙa shi. Ku tsawata, amma ku bar ƙofa a buɗe.

Kai kuma ƙanina da ƙwayar ta riga ta kama, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba zai yi bore: zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, fargaba, kuma da yawa a nan suke komawa suna cewa sun kasa. Kwanakin farko ne suka fi tsanani. Ka je asibiti ka gaya wa likita ko nas gaskiyar adadin da kake sha, kada ka rage ko ɗaya don kunya, domin da shi za su tsara maka yadda za ka riƙa ragewa. Ka samu mutum ɗaya a gida, yaya ko kawu ko limamin unguwa, wanda zai san halin da kake ciki ya riƙe maka kuɗin da ka samo da makullin babur a kwanakin. Kuma ka sauya mai shayin da kake zama wurinsa da safe, don ganin bencin nan kaɗai ya isa ya tayar maka da ƙishirwar.