Ba kuɗin Turkiyya ne ya hana ku shinkafa ba

Wai har yanzu ba ku gaji ba? An sake tono zancen dala miliyan 1 da gwamnatin Buhari ta bai wa Turkiyya bayan girgizar ƙasar Fabrairun 2023, nan take rabin 'yan Facebook ɗin Bauchi suka zama masana tattalin arziki: "gida bai ƙoshi ba an kai dawa." Sannunku da ƙoƙari, malamai.

Mutum sama da 50,000 suka mutu, wasu ƙarƙashin gini cikin sanyin hunturu. A ce ƙasa kamar Najeriya ta yi shiru? Ko maƙwabcinka da ya fi ka kuɗi aka yi wa rasuwa, ai ka kai ɗan abin da ya samu.

Ba wannan kuɗin ne ya hana ku shinkafa ba. A raba shi ga mutum miliyan 200, kowa ko kuɗin ashana ba zai samu ba. Da ruwa ya ci gidaje da gonaki a Jama'are da Katagum a 2024, har ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri, Baturke ne ya riƙe kayan agajin? Mai rubuta sunan matarsa da ƙannensa a takardar rabo ɗan unguwarku ne, sahu ɗaya kuke yi a masallaci. Shi ba kwa iya ce masa uffan, sai Ankara.

Kada wani ya zo mini da "Turkiyya ta fi mu arziki." Na sani. Agaji ba gasar talauci ba ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu ma hannu muke miƙawa. Shekara nawa 'yan gudun hijirar Borno da Yobe suna cin abincin Majalisar Ɗinkin Duniya, da harajin mutanen da ko sunan Bama ba su taɓa ji ba? Da Trump ya rufe USAID, hukumar agajin Amurka, a 2025, ku ne dai kuka cika nan da kuka, wai an yi watsi da talaka. Wallahi duk wanda ya ga uwa a layin karɓar abincin tamowa ba zai yi wa taimako ba'a ba, ko ina aka kai shi.

Af, tun da an taɓo hanya, masu bin Azare, wurin da ruwa ya yanke ɗin nan gyaran gaske aka yi masa ko sai wata daminar?