Wai babu kuɗi, amma na fenti da yanka ƙyalle ba ya yankewa

Dan Allah a daina raina mana hankali da maganar wai babu kuɗi. Eh mun ji, kuɗin ilimi kaɗan ne, kasafin tarayya na 2024 ko kashi 10 cikin ɗari bai ba ilimi ba alhali UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa take a ware 15 zuwa 20. Amma ni ba ƙarancin ne ke ƙona min rai ba, ɗan abin da ya samu ɗin ina ake kai shi?

Ku duba maganar UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kawai. Tun 2004 zamanin Obasanjo aka yi doka a riƙa ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya saboda firamare da ƙaramar sakandare, sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason sai a ba ta daidai abin da ta ajiye, ka kawo naira a ƙara maka naira. A ƙarshen 2024 hukumar da bakinta ta ce sama da naira biliyan 135 na nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Biliyan 135 fa jama'a! Wai gwamna ba shi da kuɗin da zai ajiye ya karɓo wannan, amma yana da na gadar sama, da na jerin gwanon motoci masu jiniya, da na kujerun Makka da ake raba wa 'yan siyasa duk shekara. Haba don Allah.

To in ma an karɓo ɗin me ake yi da shi? Kwangila. Katanga, ƙaton get, fenti, allon sanarwa mai hoton mai girma, a kira 'yan jarida a yanka ƙyalle a watse. Damina ɗaya iska ta yaye rufin kwanon shikenan an koma gindin bishiya. Saboda a gini ne ake samun kamasho, shi kuwa albashin malami da alli da littafi ba su da kamasho kuma ba sa fitowa a hoto. A firamaren unguwarmu yaran aji ɗaya da biyu a ƙasa suke zama kan siminti duk ya farfashe, malama ɗaya da yaran da ko sunayensu ba za ta iya riƙewa ba, bayin gida ya cika an rufe, 'yan mata sai sun roƙa a maƙwabta, amma bangon da ke kallon titi fes da sabon fenti. Kuma a haka ake ce mana ilimi kyauta ne, kullum yaro ya dawo da saƙo, kuɗin PTA, kuɗin jarrabawa, a kawo tsintsiya, a kawo omo. Hedimasta ma ban ga laifinsa ba wallahi, da me zai tafiyar da makarantar?

Sannan in yara suka faɗi a ce malamai ne. A 2017 Kaduna ta sallami malamai sama da dubu 21 saboda sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, to madalla, wanda bai iya ba bai kamata ya koyar ba, amma wa ya ɗauke su aikin tun farko in ba masu rabon takardar aiki da sunan siyasa ba? An bar jaki ana dukan taiki. A Abuja ma, hedikwatar ƙasa guda, malaman firamare sun fi wata 3 suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, kuɗin da a lokacin buhun shinkafa kaɗai ya lanƙwame shi.

Shirin ciyar da 'yan makaranta kuma ni ba na cikin masu cewa a soke, yunwa gaskiya ce, yara da yawa abincin ne ya kawo su aji lokacin da aka fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro. Amma tunda aka ce mana an kashe sama da naira miliyan 500 ana ciyar da 'yan makaranta lokacin kullen korona, makarantu a rufe, raina ya fita daga lissafinta. Haka musun da aka yi ta yi a Kano kan ɗalibai 1,001 da aka ce za a kai karatu waje irin su Indiya, Allah ya ba su sa'a ba hassada ba ce, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 mun yaba, sai dai yaron da ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba wa zai kai shi Indiya? UNICEF ta taɓa cewa yara miliyan 10.5 ba sa makaranta, akasarinsu a nan Arewa, mu kuma muna ta gardamar wane gwamna ya fi gini mai bene.

Ni dai buƙatata ba ta da wuya. Duk makarantar da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta ba da aiki a manna takarda a bango, nawa aka fitar, wane ɗan kwangila, benci nawa, yaushe zai gama, mu iyaye da 'yan SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, mu je mu ƙirga da hannunmu. Kuma 'yan majalisar jiha da ke zuwa mana da atamfa da taliya lokacin zaɓe su fito su faɗa mana ko jiharmu ta ɗauko nata kason na UBEC ko yana can Abuja har yanzu.